Yadda za ka bibiyi rediyeshon ɗin burbushin nukiliya a filin ciyawa, daga makon farko har shekara 30

Da yawa idan suka ji an ce sisiyom-137, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin burbushin nukiliya, sai ya yi shekara 30 kafin ya ragu da rabi, sai su ɗauka ai filin da ya zubo a kai shi ma sai ya shekara 30 kafin abin da mitar awon rediyeshon ke nunawa ya sauko da rabi. Ba haka ba ne fa. Karatun mita yana saukowa da sauri fiye da haka sosai, musamman a shekarun farko, kuma abin da ke isa jikinka abubuwa uku ne ke rage shi: burbushin yana ruɓewa da kansa, yana nutsewa cikin ƙasa ƙasar ta riƙa kare ka daga gare shi, sannan kai ɗin ma ai ba tsayuwa kake yi a tsakiyar fili dare da rana ba. In ka cakuɗa ukun nan wuri ɗaya lissafinka zai ruɗe, ko dai ka tsorata kan abin da bai kai ba ko ka saki jiki inda bai kamata ba. Maganarmu nan kan rediyeshon ɗin da ke bugun jiki daga waje ce kawai, wanda ake ci a abinci ko a sha a madara ko a shaƙa wannan wani babin ne daban.

Mataki na 1: fara da sanin me ya zubo kuma yaushe

Kar ka taɓa mita tukuna. Tambayi ranar da abin ya faru da kuma irin sa, domin fashewar bam daban, hatsarin tashar wutar nukiliya daban.

In bam ne akwai wata ƙa'ida da ake bi ta 7 da 10: duk lokacin da sa'o'in da suka wuce suka ninka sau 7, ƙarfin rediyeshon ɗin yana raguwa sau 10. Wato abin da yake 1000 awa ɗaya bayan fashewa zai koma wajen 100 a awa 7, ya koma wajen 10 bayan kwana biyu, ya koma 1 bayan mako biyu. Wannan ƙa'idar ta watannin farko ce, kuma ba ta aiki a hatsarin tasha, saboda cakuɗin da ke fitowa daga tasha ya fi yawan masu daɗewa.

A hatsarin tasha irin na Chernobyl a Yukiren na 26 ga Afrilu 1986 ko na Fukushima a Jafan na Maris 2011, kwanakin farko masu gajeren rai ne ke jan ragama. Teluriyom-132 kwana 3 da ɗan abu ya ragu da rabi, aidin-131 kwana 8, bariyom-140 wajen kwana 13. A kusa da Chernobyl an samu har da su zakoniyom-95 mai kwana 64 da ruteniyom-103 mai kwana 39. Bayan 'yan watanni duk waɗannan sun yi sallama, sai a bar ka da 'yan uwa biyu, sisiyom-134 mai shekara 2 da sisiyom-137 mai shekara 30. Sitirontiyom-90 ma yana daɗewa, wajen shekara 29, amma shi nau'in rediyeshon da ake kira beta yake fitarwa, ba gamma mai ratsa nesa ba, beta kuwa ba ya nisa a iska kuma ƙasa kaɗan ta tare shi, don haka a lissafin bugun waje kusan ba a sa shi. Matsalarsa a abinci take.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: yawan 134 idan aka gwada da 137 a ranar farko. A Chernobyl wajen rabi ne, a Fukushima kusan kunnen doki suka yi. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, don bekarel ɗaya (ma'aunin yawan burbushin da ke ruɓewa a daƙiƙa) na 134 yana ba da rediyeshon wajen ninki biyu da rabi na 137. Shi ya sa filayen Fukushima suka yi saurin saukowa a shekaru biyar na farko, mai ƙarfin ne ke saurin mutuwa.

Kuma ka sa a ranka makonnin farko ba na ɗan koyo ba ne. In hukuma ta ce a fita a fita, in ta ce a zauna a ɗaki a zauna, awo na ma'aikata ne masu kayan kariya. Duk abin da ke ƙasan nan na bayan ƙura ta lafa ne, a wurin da aka yarda a shiga.

Mataki na 2: ka gane ina burbushin yake zaune yanzu

Nan ne filin ciyawa ya bambanta da kwalta ko gonar da ake nomawa. Da farko wani kaso mai yawa ba ya ma kai wa ƙasa, ganyen ciyawa ne ke tare shi, musamman in a bushe ya sauko kuma ciyawar ta yi kauri. In da ruwan sama ya zo, yawanci yakan wanke ya gangara ƙasa tun ranar, har ya ɗan shiga ciki. Wanda ya maƙale a ganye ruwa da iska da tsufan ganyen suna zubar da shi, duk wajen mako biyu rabi ya sauka. Kafin shekara ta zagayo kusan duka ya koma cikin tabarmar saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ke saman ƙasa.

Daga nan sai tafiyar hawainiya. Sisiyom a ɗabi'arsa ɗan uwan fotashiyom ne, kuma akwai wasu nau'in laka, irin su ilait da bamikulait, da ke da 'yan ƙananan gurabe a bakin ɓawonsu, in sisiyom ya shiga nan sai ya maƙale ƙam, ruwa ba ya iya fitar da shi cikin sauƙi. Saboda haka a ƙasa mai laka 'yan milimita kawai yake sauka a shekara, in ya yi yawa santimita ɗaya. Filayen yankin Chernobyl da ba a taɓa nomawa ba tun 1986, har yau mafi yawan sisiyom ɗinsu yana cikin santimita 10 zuwa 20 na sama. A ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen tsiro da ƙarancin laka ya fi motsi, ya fi nutsewa, ya kuma fi shiga tsiro. Tana da tururuwa da kofaton dabbobi su ma suna nasu aikin, suna cakuɗa sama da ƙasa, kuma a wasu filayen su ne ma suka fi ruwa saukar da shi.

To me ya sa nutsewar santimita biyu ko uku za ta yi tasiri haka? Ai gamma ɗin sisiyom-137 mai ƙarfin 662 keV ne, sai ka tara santimita biyar ko shida na ƙasa kafin ka rage shi da rabi in a miƙe ya taho. Sirrin shi ne yawancin abin da ke bugunka ba daga ƙarƙashin ƙafarka yake zuwa ba. Lokacin da burbushin ke shimfiɗe a sama, babban kaso daga nesa yake zuwa, mita 10, mita 30, har fiye, a karkace. Da ya nutse ko da santimita ɗaya, wanda ke tahowa a karkacen nan sai ya ratsa ƙasa mai tsawo kafin ya fito, sai ya mutu a hanya. Shi ya sa santimitocin farko suka fi kowanne amfani, na baya kuma ribarsu kaɗan-kaɗan ce. Kamar garwashi ne da aka rufe da toka, zafin da kake ji ya ragu amma wutar tana nan.

Mataki na 3: awo da mita, kuma kullum iri ɗaya

Mitar da ta fi dacewa ita ce mai ƙyallin sodiyom-aidid wadda ke nuna maikurosibat a awa, µSv/h (sibat shi ne ma'aunin tasirin rediyeshon a jikin mutum). Ƙananan na'urorin Geiger masu araha suna nuna inda ya fi zafi, amma a ƙananan lambobi suna yawan ƙari, kar ka gina lissafin shekara a kansu.

Ka zaɓi wuri a fili buɗaɗɗe, nesa da gini da itace da kwalbati, ka kafa turke ka rubuta lambar GPS. Tsayin awo mita 1 daga ƙasa, ka sa mitar a leda don kar ƙura ta maƙale mata, ka jira lambar ta tsaya sannan ka ɗauki karatu biyar ka raba. Ka rubuta rana da yanayi. Wata mai zuwa nan za ka dawo, tsayin nan, mitar nan. In ka matsa taku ashirin ko ka canza mita, ka ɓata jerin, abin da za ka gani bambancin wuri ne ba na lokaci ba.

Yanayi yana yaudara ƙwarai. Ana cikin ruwan sama ko da an ɗauke, karatu kan tashi na 'yan awanni, ba sabon burbushi ba ne, 'ya'yan iskar radon ne na halitta ruwa ya wanko daga sama kuma cikin awa biyu uku sun mutu. Bayan haka kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rage karatu don ruwan da ke cikinta kariya ne. Ƙanƙara in ta rufe fili karatu ya faɗi warwas, ta narke ya dawo. To ka riƙa gwada rani da rani, damina da damina.

Sai cire na halitta. Ko ina a duniya ƙasa tana fitar da nata gamma daga fotashiyom-40 da yuraniyom da toriyom, matsakaicinsa a waje wajen nanogire 60 a awa (gire shi ne ma'aunin ƙarfin rediyeshon a cikin iska), wani wurin ƙasa da haka wani wurin ninkinsa. In akwai awon wurin kafin hatsari ka yi amfani da shi, in babu ka nemi fili mai irin ƙasar da burbushin bai kai ba. A shekarun farko wannan ba ya damun lissafi, amma bayan shekara 20 zai iya zama rabin abin da mitar ke nunawa.

Mataki na 4: yanka ƙasa ka ga zurfin

Mita ba za ta gaya maka dalilin raguwa ba, ƙasa ce za ta faɗa. Ana kankare ƙasar ne daki-daki, rabin santimita ko santimita ɗaya a sama, sannan a ƙara kauri in an yi ƙasa, har zuwa santimita 20 ko 30, kowane yanki a jakarsa, ciyawa da tabarmar saiwa su ma daban. A busar, a auna nauyi, a kai ɗakin gwaji su ƙirga da na'urar jamaniyom. In bututu za ka buga ka kula yana danne ƙasa yana kuma jan ta sama zuwa ƙasa, sai ya nuna maka nutsewar ƙarya.

A nan masana ba sa son santimita, sun fi son giram a kan murabba'in santimita, saboda gamma nauyin abin da ya ratsa ya sani ba tsawonsa ba. Santimita ɗaya na tabarmar saiwa mai laushi ba daidai yake da santimita ɗaya na dunƙulalliyar laka ba. In ka jera sakamakon za ka ga a shekarun farko sama ce ta fi yawa yana raguwa da sauri in ana yin ƙasa, bayan shekaru kuma sai ƙololuwar ta bar sama ta koma 'yan santimita a ciki. In ka ga lambobin sun zama ɗaya tun daga sama har santimita 20, to an taɓa nome filin ko da an ce maka ba a taɓa ba.

Ka tara na dukkan yankunan ka samu jimilla a kilobekarel kan murabba'in mita, kBq/m². Don ka san inda kake, bayan Chernobyl daga 37 ake kiran wuri gurɓatacce, sai matakan 185, da 555, da 1480. Kar ka yi mamaki in ka ga ɗan sisiyom-137 a filin da ba a taɓa hatsari kusa da shi ba, gwaje-gwajen bam na sararin sama sun watsa shi duniya baki ɗaya, zubarsa ta fi yawa a 1963, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar hana irin wannan gwaji.

Mataki na 5: yi hasashen gaba

Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai, fili mai kBq/m² 100 na 137 da 100 na 134, ya ɗan shiga ƙasa kaɗan. A irin wannan zurfin kowane kBq/m² na 137 yana ba da wajen nanogire 1.7 a awa, na 134 wajen 4.4. Ranar farko kenan 170 da 440, jimilla 610.

Ruɓewa kaɗai, ba tare da nutsewa ba: bayan shekara 2 na 134 ya koma wajen 225, na 137 wajen 160, jimilla 385. Bayan shekara 10 na 134 saura 15 kacal, na 137 yana 135, jimilla 150, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 sai 85. Ka lura da yadda abin yake, shekara 10 na farko sun cinye 460, shekara 20 na bayansu 65 kawai suka iya. Wanda ya ga saurin farko ya ja layi ya ce nan da shekara 15 an gama, ya yi kuskure babba.

Yanzu ɗora nutsewa. Waɗanda suka bibiyi filayen Yukiren da Belarus da Rasha sun ga tasirinta kashi biyu ne, wani mai sauri da ke rabewa cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗan abu, da wani mai jan ƙafa na gomman shekaru. A taƙaice bayan shekara 10 nutsewa kan rage wajen rabin abin da ruɓewa ta bari. To 150 ɗin nan sai ya koma wajen 70. Amma ni dai shawarata, in kana da awonka na shekara uku huɗu a turke ɗaya, ka yarda da shi fiye da wannan rabin, don ƙasa ta bambanta. Ka raba abin da mita ta nuna da abin da ruɓewa kaɗai ta yi hasashe, abin da ya fito shi ne aikin ƙasarka.

Mataki na 6: mayar da shi kan mutum

Abin da ke cikin iska ba shi ne abin da jiki ya ɗauka ba, jikin da kansa yana kare gaɓoɓin ciki. Ga baligi ana ninka gire da wajen 0.7 a samu sibat, ƙananan yara nasu ya ɗan fi haka. To 70 ya zama wajen nanosibat 50 a awa.

Sai ina mutum yake wuni. Jafan ta yi amfani da awa 8 a waje da awa 16 a gidan katako wanda ke barin kashi 40 cikin ɗari ya shigo, wato 8 a haɗa da 6.4, awa 14.4 a rana, awa 5256 a shekara. Daga nan ne lambar nan tasu ta 0.23 µSv/h ta fito: a cire 0.04 na halitta saura 0.19, a ninka da 5256 ya ba da milisibat 1 a shekara. Misalinmu kuwa 50 sau 5256 ya ba da wajen milisibat 0.26, ka gwada da matsakaicin 2.4 da mutum ke samu a shekara daga halitta. Ginin bulo ko kankare ya fi katako kariya nesa ba kusa ba. Makiyayi ko mai yankan ciyawa da ke awa 12 a fili lissafinsa daban ne, kar ka sa masa na ma'aikacin ofis. Kuma da aka rataya wa mutane ƙananan na'urorin awo a jiki a Fukushima, yawanci abin da suka nuna bai kai na wannan lissafin ba, don mutane ba sa awa 8 a tsakiyar fili kullum. In da hali a rataya ɗin, ya fi kowane hasashe.

Mataki na 7: in za a taɓa filin, a san me ake saye

Kankare santimita 5 na sama shi ne ya fi cirewa in an yi shi da wuri kafin burbushin ya nutse, haka aka yi a wurare da yawa a Fukushima. Amma yi lissafi, hekta ɗaya kawai kubik mita 500 ne na ƙasa, ga shi ita ce ƙasar mai albarka, kuma sai an samo inda za a ajiye ta. Su can sai da aka ware babban wurin ajiya na wucin gadi a garuruwan Okuma da Futaba.

Huɗa tana cakuɗa shi cikin santimita 20 zuwa 30, karatu ya sauko nan take, in kuma aka yi mai zurfi aka kifa saman ya koma can ƙasa ya fi saukowa. Bekarel ko ɗaya bai bar filin ba, kuma daga ranar an rufe ƙofar kankarewa, saboda abin da ke cikin santimita 5 ya bazu cikin 30. Sai a yanke shawara kafin garma ta shiga, ba bayan ta fita ba. Takin fotash yana hana tsiro shan sisiyom amma ba ya rage bugun waje ko kaɗan. Ƙona ciyawa kuwa a guje shi, yana tattara sisiyom a toka ya kuma tada wani sama, abin da ya sa gobarar dajin yankin Chernobyl ta Afrilu 2020 ta tada hankali kenan.

Ko ba a taɓa filin ba ruwa yana sake raba kaya. Laka mai ɗauke da sisiyom tana gangarowa daga tudu ta taru a kwari, bakin rafi, lambatu, gindin itace da duk inda ruwa ke kwanciya, sai ka ga tsakiyar fili yana sauka shekara bayan shekara amma wani lungu ya tsaya cik ko ma ya hau. Saboda haka ban da turkenka na tsakiya ka ƙara biyu ko uku a irin waɗannan wuraren, a nan ka auna a mita 1 ka kuma auna dab da ƙasa, kuma duk bayan ambaliya ko zaizaya mai ƙarfi ka sake zagayawa da mita kafin a bar yara ko dabbobi su koma wurin.